Littafin aiki: gyaran teburan mai rabo

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Oga ya ba ni wata biyu in gyara rumbun bayanan manhajar da ke raba wa kwastomomi injuna a gajimarenmu, wato sabobinmu da ake amfani da su ta intanet. A ofis muna ce wa manhajar mai rabo. Aikinta ba boyayye ba ne: kwastoma ya nemi VM, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin inji na gaske, mai CPU huɗu da RAM gigabait takwas, ita kuma ta duba injunan da ke ɗakin sabobi ta zaɓi wanda ke da fili. Ƙorafi iri biyu ne ke zuwa, kuma sun saɓa wa juna. Wata rana ta ce babu wuri alhali ga inji nan a kunne yana shan wuta a banza. Wata rana kuma ta ɗora kaya a kan injin da ya riga ya cika, har Linux ya fara kashe ayyuka don memori ta ƙare.

PostgreSQL 14 ne rumbun bayanan da muke amfani da shi, kod ɗin da Python aka rubuta, Alembic ke riƙe da tarihin sauye-sauyen tebura. Wannan makon karatu kawai zan yi, ba zan taɓa komai ba. So nake in gama kafin azumi ya kama, don ba na son haɗa aikin tsakar dare da tashin sahur.

Laraba, 8 ga Janairu

Duk rigimar tana cikin tebur ɗaya, `nodes`. Kowane inji layi ɗaya, amma layin ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa: sunan injin, yawan CPU da RAM da faifai, sai ginshiƙai uku da ke ƙidaya abin da aka riga aka raba, `vcpus_used`, `ram_used`, `disk_used`. Sai `last_seen` da kowane inji ke sabuntawa duk 'yan daƙiƙu don nuna yana raye. Sai kuma wani ginshiƙi mai suna `extra`, rubutu zalla, inda aka riƙa cusa duk abin da aka rasa masa wuri: akwai GPU (katin lissafi mai nauyi) ko babu, wane rak ne, har da wani layi da aka rubuta "kar a sa kaya masu nauyi, fanka na ƙara".

A gefe guda ga teburin `jobs`, kowace VM da abin da ta nema da sunan injin da take kai. Sunan rubutu ne kawai, babu abin da ya ɗaure shi da `nodes`.

Na rubuta tambaya ɗaya da ke tara CPU na VM masu rai a kowane inji, na jera ta kusa da `vcpus_used`. Injuna kaɗan ne lissafinsu ya zo daidai. Sauran wasu sun haura, wasu sun gaza, akwai ma wanda ke nuna lamba ƙasa da sifili. Da na bi kod ɗin na ga wuraren da ke ƙara wa ƙidayar sun fi wuraren da ke rage ta yawa. In kwastoma ya fasa VM tana tsakiyar ginuwa, ba a ragewa. In an ɗauke VM daga inji zuwa wani, ana ƙara wa sabon, tsohon kuma sai in aikin ya kai ƙarshe lafiya. Gaskiya ɗaya ce aka ajiye a wuri biyu, kuma mai rabo da wadda ta fi lalacewa take aiki.

Alhamis, 9 ga Janairu

Zanen teburan da ke akwai da yadda suke kiran juna. Na kunna `pg_stat_statements` don in ga su wa ke karanta me, saboda abin da takardun ofis suka faɗa ya tsufa.

Litinin, 13 ga Janairu

Ƙarshen mako na zauna da tsarin Placement na OpenStack, manhajar gina gajimare da kowa ke iya karanta kod ɗinta. Placement shi ne ɓangarenta mai riƙe lissafin kaya da rabonsu. Su ma sun sha irin wannan wahalar a Nova, ɓangarensu mai kula da VM, inda teburin `compute_nodes` ke ɗauke da ƙidayar abin da aka yi amfani da shi. A fitowar Newton ta 2016 suka kawo Placement, a Stein ta 2019 kuma ya zama aiki mai cin gashin kansa. Abin da ya burge ni shi ne ƙarancin teburan da ke ɗauke da nauyin. Akwai na masu bayarwa, wato injuna. Akwai na abin da kowane mai bayarwa ya mallaka, layi ɗaya ga kowane irin kaya: `VCPU`, `MEMORY_MB`, `DISK_GB`. Sai na rabo, wanda ke cewa wane ya karɓi nawa daga wurin wa. Babu inda aka rubuta jimillar abin da aka raba. In ana so, sai a tara layukan rabo.

Fili kuma lissafi ne: a cire abin da aka keɓe wa injin kansa daga jimilla, a ninka da adadin ninkin da aka yarda. Inji mai CPU 64, an keɓe 4, ninki 4, yana iya ɗaukar 240.

Ba zan ɗauko Placement ɗin gaba ɗaya ba, ya yi mana girma. Siffarsa zan ara: `providers`, `inventories`, `allocations`, sai `traits` don abubuwa irin su GPU da SSD da ke ɓoye cikin `extra`.

Mun ɗan ja da oga a kan ninkin RAM. Ya ce ai Nova ta daɗe da 1.5 a RAM da 16 a CPU, me zai hana mu? Na ce, "Yallaɓai, in CPU ta yi kaɗan jira ake yi. In RAM ta yi kaɗan mutuwa ake yi." Ya yarda RAM ta tsaya a 1, CPU kuma 4. Daɗin abin shi ne yanzu ninkin zai zauna a tebur, kowane inji da nasa. Da can a tsakiyar kod yake, lamba ɗaya ga kowa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ma'auni. Ginshiƙin `disk_gb` mutane ne suka cika shi da hannu daga abin da aka rubuta a jikin faifai. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, gigabait ɗinsu bait 1,000,000,000 ne. Manhajar da ke yanka faifan wa VM kuwa da 1024 take aiki, nata bait 1,073,741,824 ne. Faifan da aka rubuta wa terabait ɗaya, aka shigar da shi 1000, a wurinta 931 ne. Wato a kowane terabait mai rabo tana sayar da kusan 69 da babu su.

Shawara: komai zai koma bait, kuma injin ne zai riƙa faɗin abin da yake da shi, ba hannun mutum ba. Dole ginshiƙin ya zama `bigint`, tunda `integer` yana ƙarewa a 2,147,483,647, bait ɗaya ƙasa da gigabait biyu na 1024. An so a bar sunan da `_gb` a ƙarshe don kada a ruɗa mutane. Na ƙi. Sunan da ke faɗin ma'aunin da ba shi ne a ciki ba shi ya kawo mu nan.

Litinin, 20 ga Janairu

An amince da hayar sabar gwaji ta wata ɗaya a waje. Da dala ake biya, don haka sai da takardar ta kwana biyu a teburin Hajiya ta ɓangaren kuɗi. Na zuba mata kwafin ajiya na daren jiya bayan na goge sunaye da lambobin kwastomomi. Maido da kwafin ya ci rabin yini, kusan duk a kan teburin `job_events`. Na ajiye wannan a rai.

Laraba, 22 ga Janairu

Ba a share layi a wannan rumbun, alama kawai ake sa masa a `deleted_at`. Wanda ya gina shi ya so kada inji biyu masu rai su yi suna ɗaya, sai ya sa sharaɗin rashin maimaici a kan `hostname` da `deleted_at` tare. Niyya mai kyau, amma sharaɗin ba ya hana komai. Layi mai rai `deleted_at` ɗinsa NULL ne, wato babu komai a ciki, PostgreSQL kuma bai ɗauki NULL biyu a matsayin abu ɗaya ba. Sai a fitowa ta 15 aka kawo `NULLS NOT DISTINCT`, mu kuwa muna kan 14.

Ga sakamakon: injin da aka kai gyara aka dawo da shi, an sake yi masa rajista, ya zama yana da layi biyu masu rai. Mai rabo tana ganin inji biyu, tana raba RAM ɗinsa sau biyu. Wannan ne asalin ƙorafin injunan da ke cika su fashe.

Mutanen OpenStack dabararsu ita ce `deleted` ya zama 0 ga mai rai, in an share a zuba masa lambar layin. Tana aiki, amma mu muna da hanya mafi sauƙi: fihirisar rashin maimaici a kan `hostname` mai sharaɗin `WHERE deleted_at IS NULL`. Kafin ta ginu sai an haɗe tagwayen layukan. Da hannu na bi su, ni da ƙanin nan da ke kula da ɗakin sabobi, shi yana karanto lambar da ke jikin inji ta waya, ni ina dubawa.

Asabar, 25 ga Janairu, dare

Daren nan ya yi tsawo.

Sauyin farko a rumbun da ke aiki ƙarami ne ƙwarai: ƙara ginshiƙi ɗaya, `uuid`, a `nodes`, babu komai a cikinsa. A sabar gwaji ƙiftawar ido ne. Ƙarfe goma sha ɗaya na sake shi, sai ya tsaya bai dawo ba.

`ALTER TABLE` yana buƙatar kulle mafi ƙarfi, `ACCESS EXCLUSIVE`, ko da na ɗan lokaci ne. Ashe akwai wata manhajar rahoto da ta buɗe `BEGIN` tun yamma, ta karanta `nodes`, ta zauna ba ta rufe ba. Sauyin ya tsaya jiranta. Duk wanda ya zo bayansa kuma, har mai karatu kawai, sai ya shiga layi a bayan sauyin. Kamar tirela ce ta gitta a titi tana jiran mai kura ɗaya ya kauce: ita ba ta wuce ba, na bayanta ma ba mai wucewa.

Na farkon shiga layin su ne saƙonnin `last_seen` daga injuna. Haɗin da aka tanada wa manhajar suka cika, shafin kwastomomi ya daina buɗewa. Da `pg_blocking_pids` na gano mai riƙe da ƙofar, na kore ta da `pg_terminate_backend`, sauyin ya shiga nan take. Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Mai gadi, wato manhajar da ke duba lafiyar injuna, ya farka ya ga kowane `last_seen` ya tsufa, ya yanke hukunci duk injunan sun mutu, ya fara neman inda zai sake tayar da VM ɗin mutane. Abin da ya cece mu shi ne bai sami inji ko ɗaya da yake ganin mai rai ba, don haka babu inda zai kai su. Na kashe shi da hannu kafin injunan su fara dawowa a idonsa ɗaya bayan ɗaya, don da ya ga na farko da ya jibga masa kayan kowa.

Babu VM da ta mutu. Shafin ya yi kusan kwata na awa a rufe, an aika wa kwastomomi saƙon ban haƙuri da safe.

Abin da ya sauya daga yau: kowane sauyin tebur zai fara da `SET lock_timeout = '2s'`, in bai sami kulle ba ya janye ya sake gwadawa. An sa `idle_in_transaction_session_timeout` a kan asusun rahoto. Mai gadi ba zai ƙara ɗaukar mataki ba in injuna da yawa suka ɓace lokaci ɗaya, sai ya kira mutum. Kuma `last_seen` zai bar `nodes` ya koma ƙaramin teburinsa. Dama bai dace abin da ake rubutawa duk 'yan daƙiƙu ya zauna layi ɗaya da abin da ba ya sauyawa a shekara ba, tunda kowane `UPDATE` sabon kwafin layi PostgreSQL ke rubutawa.

Litinin, 27 ga Janairu

Rahoton abin da ya faru, taro, barci.

Laraba, 29 ga Janairu

Sababbin tebura huɗu sun shiga, babu wanda ya ji motsinsu. Na ƙara `provider_id` a `jobs`, ana cika shi kashi-kashi, dubu biyar a lokaci guda da ɗan hutu a tsakani.

Sharaɗin da ke ɗaure shi da `providers` na sa shi da `NOT VALID`: sababbin layuka ana duba su tun yanzu, tsofaffi sai ranar da aka kira `VALIDATE CONSTRAINT`, wanda ba ya hana rubutu yayin da yake dubawa. Tsofaffin akwai marayu, VM da ke nuna sunan injin da babu shi ko'ina. Yawancinsu an canza wa injin suna ne, ba a bi an gyara ba.

Fihirisa kuma da `CONCURRENTLY`. Ba ta yarda ta gudana tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, Alembic kuwa a ciki yake sa komai, sai an kewaye da `autocommit_block`. Ɗaya ta faɗi a tsakiya saboda `lock_timeout` ɗin da na sa, ta bar gawa mai alamar `INVALID`, wadda ba a karatu da ita amma ana ci gaba da wahalar sabunta ta. An share, an sake.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Teburin `reservations`, inda ake kama injunan GPU na wasu awanni. Lokutansa `timestamp` ne marar yanki. Wanda aka shigar ta API, ƙofar da manhajoji ke bi, agogon duniya na UTC ne, wanda aka shigar ta shafin ma'aikata agogon Najeriya ne, da ke gaba da awa ɗaya. Tsohon ƙorafin nan na kwastoma biyu su iske juna a inji ɗaya na tsawon awa guda cif, ga tushensa. Sa'ar da muka yi ita ce agogon ƙasar nan ba ya sauyawa da rani ko damina, kuma akwai ginshiƙin da ke nuna ta inda kowane layi ya shigo, don haka gyaran ragi ne kawai.

Sabon ginshiƙi ɗaya ne, `tstzrange`, mai ɗauke da farko da ƙarshe. A kansa na ɗora sharaɗin `EXCLUDE USING gist`, da taimakon `btree_gist`: inji ɗaya, lokuta masu shiga juna, rumbun da kansa zai ƙi. Kod mai tsawo da ke ƙoƙarin duba wannan a Python, yana kuma kasawa in buƙata biyu suka zo tare, zai tafi. Irin wannan sharaɗin ba ya karɓar `NOT VALID`, sai tebur ya tsarkaka tukuna, don haka akwai kamu guda biyu na mako mai zuwa da sai an kira masu su an sasanta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

An fara rubutu biyu: kowace sabuwar VM tana shiga `allocations`, tana kuma taɓa tsohuwar ƙidaya. Mai rabo har yanzu da tsohuwar take yanke hukunci. Duk dare wani ɗan aiki yana kwatanta su ya aiko min da bambancin.

Talata, 11 ga Fabrairu

Abu ɗaya da sharaɗin `CHECK` ba zai iya ba shi ne hana jimillar rabo wuce fili, don layi ɗaya kawai yake gani. Nan ma dabarar Placement na bi: kowane inji yana da lamba, `generation`. Mai rabo ta karanta lambar tare da lissafin fili, in ta zo kama wuri sai ta ce a ƙara wa lambar ɗaya muddin tana nan yadda ta gan ta. In wani ya riga ta, babu layin da zai sauya, sai ta janye ta sake lissafi.

Abokin aikina ya fi son `SELECT FOR UPDATE`, kuma a yawan injunanmu da shi ma zai yi. Na ƙi ne saboda zaɓen inji a Python ake yinsa, ba na son a riƙe kulle ana jiran Python, musamman bayan daren 25.

Gwajin nauyi ya fito da sabon ciwo. Na saki buƙatu ɗari biyu lokaci ɗaya a sabar gwaji: ba a wuce fili ko sau ɗaya ba, amma da yawa sun gaji da sake gwadawa sun faɗi. Dalili, duk ma'aikatan mai rabo lissafi ɗaya suke yi, duk inji ɗaya suke ganin ya fi, duk su ruga kansa. Nova tana da `host_subset_size` saboda wannan: a ɗauki ɗaya da ka daga cikin mafiya kyau. Na sa a zaɓa daga biyar na sama, da ɗan jira marar tsari kafin sake gwadawa. Faɗuwar ta ɓace.

Asabar, 15 ga Fabrairu

`job_events` ya cinye mafi yawan faifan rumbun. Na kwashe duk abin da ya haura shekara zuwa ma'ajiya, na share, faifan bai ragu da komai ba. Haka abin yake: `VACUUM` yana buɗe wurin don a sake amfani da shi a cikin teburin, ba kasafai yake mayar wa injin ba. `VACUUM FULL` yana mayarwa amma zai kulle teburin har ya gama. `pg_repack` ba ya kullewa haka, sai dai yana son fili kusan ninki biyu na teburin, mu kuwa ba mu da shi.

Maimakon sayen faifai don aikin dare ɗaya, sabon tebur na buɗe mai rabe-rabe wata-wata, sababbin bayanai suna shiga can. Tsohon zai zauna har ya tsufa a jefar da shi gaba ɗaya. Nan gaba share wata guda cire ɓangare ne kawai, kuma 14 tana da `DETACH PARTITION CONCURRENTLY`. Farashinsa shi ne dole ranar ta shiga cikin babban makullin teburin, wanda ya sa na taɓa wurare uku a kod.

Hayar sabar gwaji za ta ƙare ranar 20. Na nemi ƙarin wata ɗaya, Hajiya ta ce, "Malam, mako biyu zan iya sa hannu." Na karɓa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An juya mai rabo ta koma karanta `allocations`, da maɓallin da za a iya mayarwa cikin minti ɗaya. Injuna uku da aka daɗe ana cewa sun cika sun fara karɓar kaya. Biyu kuma sun fito a matsayin waɗanda aka ɗora wa fiye da RAM ɗinsu. An rufe su ga sabon rabo, za a sauke musu kaya da daddare da izinin masu su. Oga ya dakatar da takardar sayen sabon inji da ke kan teburinsa tun Disamba, ya ce a ga yadda wata zai ƙare.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Yau aka tsara jefar da `vcpus_used` da 'yan uwansa. An fasa. `pg_stat_statements` ya nuna har yanzu akwai mai karanta su sau ɗaya a rana, da asuba. Da aka bi sawu, wani ɗan rubutu ne a kwamfutar ɓangaren kuɗi da ke fitar da rahoton yawan amfani, ba ya cikin ma'ajiyar kod ɗinmu, wanda ya rubuta shi kuma ya bar aiki. Da an jefar da ginshiƙan yau, da gyaran gangar Auzinawa aka yi, ƙarshen wata ya zo babu rahoto.

Na gina `VIEW` mai suna `node_usage` da ke fitar da lambobin daga `allocations` da tsofaffin sunayensu, na gyara rubutun ya koma kansa. Na gargaɗi Hajiya cewa lambobin Fabrairu ba za su yi kama da na Janairu ba, kuma na Fabrairun ne daidai.

Abin da ya rage: tsofaffin ginshiƙan za su zauna ba mai rubuta musu har bayan Sallah, sannan a canza musu suna na mako biyu a ga ko wani zai yi kuka, sannan a jefar. `extra` saura layuka kaɗan da ba su shiga `traits` ba, irin na fankar nan, waɗanda wurinsu takardar gyara ne. Ba za a yi wani sauyin tebur cikin azumi ba. Ɗaga rumbun zuwa fitowa ta 16 aiki ne daban, na rubuta masa takardarsa, tana jiran sa hannun oga.